Romon Dutse

Hausawa kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Galibi idan aka kawo wannan karin magana, ana kawo ta ne don a kwantar wa wani da hankali, alhali mai faɗa da mai saurare duk sun san babu wanda ya taɓa ɗora dutse a kan murhu. To amma akwai wata al'umma a bayan ƙasa wadda idan aka leƙa tukunyarta da idon basira, sai a ga kamar da ita aka yi karin maganar. Wannan al'umma kuwa ita ce baƙar fatar Amurka, wato jikokin mutanen da aka kwasa daga nahiyarmu aka haye teku da su a zamanin cinikin bayi. Abincin nasu kuma shi ne wanda suka raɗa wa suna soul food.

Sunan yana da wuyar fassara. Kalmar soul tana iya ɗaukar ma'anar rai, ko ruhi, ko kurwa, amma babu ɗaya daga cikin ukun da ta kamo abin da masu sunan suke nufi. A shekarun 1950 da 1960 ne suka ɗauko kalmar daga bakin masu wa'azin coci, suka liƙa ta ga duk wani abu da suke jin nasu ne na ƙashin kansu: kiɗansu, da gaisuwarsu, da 'yan'uwantakarsu, da girkinsu. Shi girkin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Kafin a raɗa masa suna, abinci ne kurum, abin da uwa ta dafa aka ci aka sha ruwa. Idan fassarar ta zama dole, to a ganinmu abincin gado ya fi kusa da manufa.

Mun daɗe muna cin karo da wannan abinci a takarda, domin da wuya mai nazarin adabin baƙar fatar Amurka ya wuce shafi hamsin bai ji ƙamshin soyayyar kaza ko dafaffen ganye ba. Gani kuwa ya kori ji. A watan Oktoba na shekarar 2022 aiki ya kai mu birnin Shikago, inda muka yi 'yan makonni a wata jami'a. A can muka saba da wani malami, ɗan'uwanmu a fagen adabi, haifaffen kudancin birnin, wanda kakarsa ta zo daga jihar Misisifi tana budurwa. Wata ranar Lahadi da azahar ya ce mana, “Ɗan'uwa, ka ci abincin jami'a ya isa haka. Yau zan kai ka inda mutane suke cin abinci.”

A kan hanya, daidai inda Titin King ya shiga unguwar Bronzeville, ya rage gudu ya nuna mana wani mutum-mutumin tagulla da aka kafa a 1996, aikin wata gwanar sassaƙa mai suna Alison Saar. Siffar matafiyi ce, ya fuskanci arewa, ya ɗaga hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana riƙe da tsohon akwati. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne kwat ɗin da ke jikinsa, wadda aka ƙera da siffar tafin takalman da tafiya ta cinye. An kafa shi ne don tunawa da babbar ƙaurar da baƙar fata kimanin miliyan 6 suka yi daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa da yamma, tsakanin wajajen 1915 da 1970, suna gudun wulaƙancin dokokin wariya, da kisan gilla, da noman auduga wanda ba ya biyan bashin da ke kan manomi. A 1910 baƙar fatar Shikago ba su wuce dubu 44 ba. Kafin 1970 sun haura miliyan guda. Jaridar Chicago Defender, wadda ma'aikatan jirgin ƙasa suke ɗauka a ɓoye su kai kudu, ita ta riƙa kiran su, layin dogo na Illinois Central kuma ya riƙa kwaso su daga Luwiziyana da Misisifi da Tenesi. Ba su zo da dukiya ba, amma matansu sun zo da abin da suka iya da hannu.

Gidan abincin da muka nufa yana can gaba, a wani layi inda shago ɗaya yake buɗe, biyu suna garƙame. Yana tsakanin shagon aski da wani ƙaramin coci wanda a da kanti ne. Ba shi da allon suna mai walƙiya, sai rubutun fenti a jikin gilashin taga, wanda rana ta ci rabinsa. A ciki tebura takwas muka ƙirga, kowanne da shimfiɗar leda, da kwalbar ruwan barkono, da ta binega. A bango akwai hoton Martin Luther King, da na Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Shikago a 1983, da na Barack Obama da iyalinsa. A ƙasansu kuma an jera waɗansu hotunan da ba wanda ya san masu su in ba 'yan unguwa ba: yara sanye da rigunan kammala makaranta, da wani soja, da takardun jana'izar tsofaffin abokan ciniki. Cinkoson masu tasowa daga coci ya riga ya lafa, sai tsirarun dattawa mata da manyan hulunansu na Lahadi, da wani tsoho shi kaɗai a kusurwa.

Abincin yana jere a bayan gilashi cikin faranten ƙarfe, tururi yana ɗumama su daga ƙasa. Ƙa'idar gidan mai sauƙi ce: mutum ya zaɓi nama ɗaya da mahaɗi biyu ko uku, a ɗora masa burodin masara. Mai gidan tana tsaye a bayan kanta da ludayi a hannu, dattijuwa ce da za ta yi shekara saba'in, gajeriya, mai kaifin ido. Kalmar da ta tarbe mu da ita, wadda da ita take kiran kowa, ma'anarta jariri. Mu da furfura ta fara leƙo mana a gemu, rabonmu da jin wannan kira tun muna goye. Abokinmu ya amsa mata da kalmar girmamawar da 'yan kudu suke amsa wa iyaye mata, muka bi sahunsa.

A nan ne maganar da muke ta juyawa a zuci tun a mota ta zama dole a furta ta. Abincin wani gubar wani. Kowa ya san alade shi ne ginshiƙin wannan girki. Ba a tsaya ga cin namansa ba. Da ƙwaurinsa ake dafa ganye, da kitsensa ake dafa wake, da mansa ake suya, hanjinsa ma abin marmari ne da ake wankewa awa da awanni. Musulmi da ya shigo irin wannan gida yana tsaka mai wuya: ga addini wanda ba a wasa da shi, ga kuma tsoron kada tambaya ta zama cin fuska, a ɗauka baƙo daga Afirka ya zo yana yatsina fuska ga abin da ya raya kakanninsu. Muka sassauta murya muka faɗa mata cewa mu Musulmi ne, ba mu cin alade ko abin da ya taɓa.

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ɗaga ludayi ta riƙa nunawa ɗaya bayan ɗaya, kamar malamar da ta saba da darasin. “Wannan kada ka taɓa. Wannan ma haka. Ganyen nan da kyafaffen talotalo na dafa shi, yau shekara ashirin ke nan ban sa masa alade ba. Wake na yau babu nama a ciki sam. Kifi kuwa tukunyarsa daban, mansa daban. Ɗan ƙanwata Musulmi ne, a nan yake ci.” Muka zaɓi kifi da wake da kuɓewa da dankali. Ganyen kuwa sai ta ce akwai wata 'yar tukunya a ciki da take dafawa da albasa da barkono kaɗai saboda masu hawan jini, ta shiga ta ɗebo mana.

Wannan amsa tata tana da tarihi a bayanta. Alade ya shiga tukunyar ne ta hanyar awon da iyayen giji suke yi wa bayi. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1845, ya bayyana cewa a gandun da ya tashi a Merilan, rabon bawa na wata guda shi ne laba 8 na naman alade ko kifi, da awo guda na garin masara wanda bai wuce kilo 25 ba. Sauran abin da ciki yake bukata sai dai mutum ya nema da kansa bayan faɗuwar rana: ɗan lambu a bayan bukka, da kamun kifi, da tarkon namun daji. Daga baya, a wannan birni na Shikago, Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar Nation of Islam, ya fitar da littafinsa How to Eat to Live a 1967, inda ya haramta wa mabiyansa alade, har ma ya zarce ya hana su wake mai baƙin ido, da wannan ganye, da burodin masara, da dankali, yana ganin duk abincin bauta ne. Koyarwarsa ta saɓa wa Musuluncin da muka sani ta fuskoki da dama, kuma bayan rasuwarsa a 1975 ɗansa Warith Deen Mohammed ya ja akasarin mabiyan zuwa tafarkin Sunna. Amma ƙyamar alade ta riga ta yaɗu har cikin gidajen da ba na Musulmi ba. Da likitoci kuma suka matsa da gargaɗi kan hawan jini da ciwon sukari, waɗanda suka yi wa baƙar fata katutu, sai kyafaffen talotalo ya maye gurbin ƙwaurin alade a tukwane da yawa. Wato dai tambayarmu ba baƙuwa ba ce a unguwar. An shekara fiye da hamsin ana yin ta a tsakanin wa da ƙane.

Da faranti ya sauka a gabanmu, sai ido ya fara gaisawa da sanannu. Kifin tarwaɗa ce, an birkiɗe ta a garin masara mai yaji an soya, bayanta yana ƙaras-ƙaras, cikinta fari sol. Waken kuwa namu ne sak, fari mai baƙin ido, irin wanda ake ƙosai da alale da shi. Masana sun tabbatar a Afirka aka fara noma shi, kuma har yau Nijeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen noman sa. Jiragen bayi ne suka haye da shi a matsayin guzuri. A Karolina ana dafa shi da shinkafa ranar sabuwar shekara don neman sa'a, ana kiran haɗin Hoppin' John, wanda Bahaushe zai kalla ya ce garau-garau ne aka sa wa sunan Bature. Kuɓewar ma daga nahiyarmu ta je, sai dai an dafa ta da tumatir har yauƙinta ya mutu. Sunan miyar nan ta Luwiziyana, gumbo, masana da yawa suna danganta shi da sunan kuɓewa a harsunan Angola. Riɗi yana nan a Karolina da sunansa na Senegambiya, benne. A tsibirin Sapelo na jihar Jojiya kuwa, masu tattara tarihin baka a ƙarshen shekarun 1930 sun ji daga bakin zuriyar wani bawa Musulmi mai suna Bilali cewa kakanninsu mata suna yin wata wainar shinkafa su raba wa yara, suna kiran ta saraka. Mai karatu ba ya bukatar a faɗa masa wace kalma ce wannan.

Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da daɗin ji. To amma akwai tarko a ciki, wanda baƙo daga Afirka ya kamata ya yi hattara da shi, wato ya zauna a gaban irin wannan faranti yana ƙirga abin da yake nasa, har ya tashi da tunanin cewa abincin gidansu ne ya yi ɓatan hanya. Harshe ba ya goyon bayan wannan tunani. Ganyen da muka ci, mai faɗi, ɗan'uwan kabeji, Turawa ne suka kai irinsa Amurka. Masara ta 'yan asalin ƙasar ce, su suka koya wa kowa sarrafa ta. Makaroni da cuku, wanda ba ya rabuwa da teburin Lahadi, masu tarihi da dama suna jingina shigarsa ga James Hemings, bawan Thomas Jefferson, wanda uban gijinsa ya tafi da shi Faris a 1784 ya koyi girkin Faransawa. Dankalin da aka kawo mana an dafa shi da sukari da man shanu da kirfa da gyaɗar ƙamshi har ya yi danƙo, abin da babu wata uwa a ƙasar Hausa da za ta ajiye a gefen kifi. Daɗin daɗawa, da sunan doya suke kiran sa. Waɗanda aka kai can sun nemi doya sun rasa, sai suka ɗauki sunan abin da suka rasa suka sa wa abin da suka samu.

A nan ne muke ganin zuciyar al'amarin take. Wannan girki ba guntun Afirka ba ne da aka adana, haka kuma ba ragowar teburin uban giji ba ne kurum, kamar yadda waɗansu suke faɗa cikin tausayi. Aiki ne sabo, na mutanen da aka raba da harsunansu da sunayensu, aka ba su abin da ba su zaɓa ba, suka haɗa shi da abin da hannuwan iyayensu mata suka tuna, suka fitar da abin da babu shi a ko'ina kafin su. Hakkin mallakarsa nasu ne. Mu kuwa da muka zo daga wancan gefen teku, akwai abin da ya kamata ya rage mana ɗoki. Daga cikin mutum kimanin miliyan 12 da rabi da aka loda a jiragen bayi, waɗanda aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa ba su kai dubu 400 ba, kuma ba Bature kaɗai ne ya kai su bakin teku ba. Akwai hannun 'yan Afirka a kamun da cinikin, ƙasar Hausa ma ba ta kuɓuta ba, domin a farkon ƙarni na 19 an sayar da Hausawa masu yawa zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil. Zumuncin yana nan, amma zumunci ne mai tabo, wanda ba a shiga da kirari.

Tsohon nan na kusurwa shi ya nuna mana yadda ake gama cin ganye. Da ya cinye, sai ya gutsuttsura burodin masararsa a cikin ruwan da ya rage a kwano, ya bari ya jiƙa, ya bi da cokali a hankali. Abokinmu ya ce haka kakarsa take yi, kuma da wannan romo aka yaye mahaifinsa. An ce a manyan gidajen gandu ganyen ake kai wa teburin uban giji, ruwan dahuwar kuma a bar wa bayi; sai ga shi ilimin zamani ya nuna cewa kaso mai tsoka na amfanin ganyen a cikin ruwan yake narkewa. Muka bi sawun tsohon. Romon yana da ɗan ɗaci, da ɗan tsami, da yaji mai zuwa daga baya, burodin kuma ya sha shi ya yi laushi kamar ɗumamen tuwo. Idan akwai romon dutse a duniya, to mun ɗanɗana shi a ranar.

Marubutansu sun daɗe da gane cewa mutunci yana cikin wannan kwano. A cikin Invisible Man na Ralph Ellison, wanda ya fito a 1952, akwai wurin da tauraron labarin, ɗan kudu mai ƙoƙarin ɓoye ƙauyancinsa a Harlem, ya sayi gasasshen dankali a bakin titi cikin sanyi, ya ci a tsaye a bainar jama'a, ya ji kunyar asalinsa ta sauka daga kansa. A 1962 LeRoi Jones, wanda daga baya ya zama Amiri Baraka, ya rubuta maƙala kan wannan abinci don mayar da martani ga wani marubucin da ya ce baƙar fatar Amurka ba su da girki nasu na kansu. Gwendolyn Brooks kuma, 'yar wannan yanki na kudancin Shikago, baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Pulitzer a 1950, ta sa wa diwaninta na 1960 suna The Bean Eaters, wato masu cin wake, daga wata waƙa kan tsofaffin ma'aurata talakawa a ɗakin haya. Sai dai kada a ɗauka labarin na wahala ne zalla. Edna Lewis, jikar 'yantaccen bawa daga Bajiniya, ta nuna a littafinta na 1976 cewa girkin ƙauyensu girki ne na lambu da yanayin shekara, mai tsabta da tsari. Soyayyar kaza da kayan zaƙi abincin Lahadi ne da biki. Na kullum ganye ne da wake da masara. Da aka zo birni aka mayar da abincin biki na kullum, a nan ne jiki ya fara kokawa, kamar dai a ce mutum ya mayar da kowace rana ranar Salla.

Akwai kuma wani abu da baƙo zai iya wucewa bai lura ba, saboda sauƙinsa: zaman kansa. A ce baƙar fata ya shiga gidan abinci ta ƙofar gaba, ya ja kujera, a kawo masa ruwa, a kira shi da ladabi, wannan abu ne da tsohon nan na kusurwa ya girmi halascinsa a jihohin kudu. Matafiyan babbar ƙaura a kwalin takalmi suke ƙunsa soyayyar kaza da burodi, saboda ba su da tabbacin za a sayar musu da abinci a hanya. Daga 1936 har tsakiyar shekarun 1960 akwai ɗan littafin jagora da wani ma'aikacin gidan waya, Victor Green, ya ƙirƙiro, mai jera wuraren da baƙar fata zai ci ya kwana ba tare da an kore shi ba. Ranar 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu a Greensboro suka zauna a kantar cin abinci ta farar fata suka ƙi tashi, sai a 1964 dokar 'yancin ɗan ƙasa ta haramta wariya a irin waɗannan wurare.

Kafin wannan doka, ƙananan gidaje irin wanda muke zaune a ciki su ne majalisa, su ne kuma baitulmali. A Montgomery, lokacin da baƙar fata suka ƙaurace wa motocin safa na kwana 381 daga 1955 zuwa 1956, wata mai girki, Georgia Gilmore, ta tara mata suna sayar da abinci, ribar tana tafiya ga motocin da suke jigilar masu ƙauracewar. A Atlanta, gidan abincin Paschal's ya zama wurin ganawar King da mutanensa. A New Orleans, Leah Chase ta ciyar da 'yan fafutuka farare da baƙaƙe a tebur ɗaya, a lokacin da doka ta hana hakan. Ba a banza hoton King yake rataye a saman kwalaben barkono ba.

Muna cikin shan shayi mai ƙanƙara, wanda sukarinsa zai ba Buzu mamaki, sai wani mutum ya shigo, tufafinsa sun nuna a waje yake kwana. Bai ce komai ba, ita ma ba ta tambaye shi ba. Ta cika kwali da wake da shinkafa da cinyar kaza, ta ɗora burodi biyu, ta kira shi da sunansa, ta ce ya gaida ƙafarsa mai ciwo. Ba mu ga kuɗi sun gifta ba. Babu wanda ya ɗaga kai daga farantinsa, alamar abin ba sabo ba ne.

Da ciniki ya tsagaita ta jawo kujera ta zauna kusa da mu, ta tambaye mu ko a garinmu ana cin ganye. Muka ba ta labarin zogale da rama da kwaɗo, ta saurara da kyau, ta ce ƙuli-ƙulin nan sai ta gwada. Sa'an nan hira ta gangaro kan gidan. A hannun mahaifiyarta ta gaje shi. 'Ya'yanta uku duk sun yi karatu, ɗaya ma'aikaciyar jinya ce a Atlanta, biyu suna bayan gari, kuma babu wanda yake sha'awar tashi da asuba ya wanke ganye sau uku. Ba ta ga laifinsu ba; ta ce don kada su yi wannan tsayuwar ne ta yi ta. Annobar 2020 ta kwashe mata abokan ciniki da dama, waɗansu ga hotunansu nan a bango. Kayan miya sun yi tsada, ita kuwa ba ta iya ƙara kuɗi yadda ya kamata, don ta san abin da ke aljihun masu shigowa.

Abin da ta faɗa ya dace da abin da alƙaluma suke nunawa. Mahautar Shikago, wadda ta ɗauki dubban 'yan ƙaura aiki, an rufe ta a 1971. Babbar masana'antar ƙarfe ta South Works ta bi baya a 1992. Dogayen gidajen gwamnati na Robert Taylor an gama rushe su a 2007, mazaunansu suka watse. Baƙar fatar birnin, waɗanda suka kusa miliyan 1 da dubu 200 a 1980, sun koma ƙasa da dubu 800 a 2020, da yawansu ma kudun da kakanninsu suka baro suka nufa. Manyan gidajen wannan abinci sun bi jama'arsu: Edna's ya rufe a 2010 bayan rasuwar mai shi, Army & Lou's kuma, wanda aka buɗe tun 1945, ya rufe a 2011. Abin mamaki shi ne girkin kansa bai taɓa samun ɗaukaka kamar ta wannan zamani ba. Littafin Jessica Harris, High on the Hog, na 2011, ya zama shirin Netflix a 2021. Na Adrian Miller da na Michael Twitty sun ci manyan kyaututtuka. Ana sayar da ganye da burodin masara a gidajen alfarma na tsakiyar gari da tsadar gaske. Girkin ba zai ɓata ba, an riga an rubuta shi. Abin da yake cikin haɗari shi ne ɗakin mai tebura takwas, inda aka san sunan marar gida, aka kuma san wanda likita ya hana gishiri. Wannan ba ya shiga littafin girki.

Mun biya dala 16, muka ajiye tukuici a ƙarƙashin kofi kamar yadda al'adar ƙasar take. Ta naɗe mana yankan wainar dankali a takarda, ta ce na hanya ne, ba na sayarwa ba, kuma da man shanu ta yi ɓawon, kada mu ji komai. Muka yi godiya, muka yi mata addu'ar da muka saba yi wa iyaye, abokinmu ya saurari fassarar ya ce amin tare da ita. Ranar Litinin ba ta buɗewa. Duk da haka, sa'ad da muke fita ta riga ta juye waken Talata a babban faranti, ta sa tabarau, tana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a gefe.